Alhassan Ɗantata: Maraya, almajiri, kamamme, sannan attajirin Afirka ta Yamma

Duk wanda ya daɗe yana kasa kaya a kasuwa ya san akwai ranar da ta fi ranar rashin ciniki ciwo, wato ranar da mai bin ka bashi zai tsaya bakin rumfarka ya ɗaga murya gaban jama'a, ko kuwa ranar da jari ya karye har maƙwabcin da kuka saba gaisawa ya fara kau da kai. A irin wannan rana ce wasu kan naɗe tabarma su bar sana'a har abada, wasu su biye wa zuciya su yi abin da zai kai su gaban alƙali, wasu kuwa su haɗiye su dawo washegari. Mutumin da za mu kawo tarihinsa yau yana cikin kashi na uku, shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877, ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Mutanen ƙasar Sin, waɗanda a nan muka fi sani da Shinuwa, kuma waɗanda kayansu suka cika kasuwanninmu tun daga tocila har zuwa babur, suna da wasu gajerun karin magana masu kalma huɗu-huɗu, kowanne da labarin wani mutumin tarihi a bayansa. Da dama daga cikinsu a kan haɗiye wulaƙanci suke magana. Za mu ɗauko kaɗan mu jera su kusa da rayuwar Ɗantata a wuraren da suka dace, domin a ga cewa abin da ya faru a Bebeji da Kano ya taɓa faruwa a wata uwa duniya tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

Asalinsa da haihuwarsa

Alhassan daga cikin Agalawa ya fito. Masana tarihin fatauci sun nuna cewa kakannin Agalawa da na Tokarawa daga Bugajen ƙasar Abzin suke, mutanen da a can ake yi wa kallon na ƙasa, waɗanda suka riƙa gangarowa kudu suna zama a ƙasar Katsina da ta Kano. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan yanki, domin ita ce hanyar ayarin gishiri da ke tasowa daga Abzin ta ratso Damargu ta sauka Tasawa kafin ta nufi Katsina da Kano. Ta wannan hanya ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851. Da yake baƙi ne marasa sarauta, Agalawa sai suka kama fatauci, har ya zamana su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja.

Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna Madobi a ƙasar Kano. Ɗansa Abdullahi ya gaji fataucin, kuma matarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta. A 1877, ayari ya tashi zuwa Gwanja, ya ya da zango a Bebeji, a nan Amarya ta haifi Alhassan. Bayan Abdullahi ya dawo daga wannan tafiya sai ya bar Madobi ya mayar da gidansa Bebeji.

Fataucin Gwanja a wancan zamani aikin maza ne masu ƙashi. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu da jagaba, da jakuna da ƴan alaro ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu da gabu, a yi wata da watanni ana tafiya, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu mai ƴan fashi, a biya kuɗin fito da na garama gari-gari, kafin a isa kasuwar Salaga a sayo goro. Zuwa da dawowa kan kai kusan shekara guda.

Maraici da tsohuwa Tata

Wajen 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado bisa shari'a, to amma ƴaƴan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya riƙe harkar uban. Mahaifiyarsu kuwa ta koma Akara, wadda fatake ke kira Ankara, a ƙasar Gana ta yau, inda take da harkokin kasuwanci, ta bar yaran hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga wannan tsohuwa ne sunan Ɗantata ya samo asali. Abin lura ne cewa sunan da yau ke jikin manyan kamfanoni da tituna da makarantu, sunan wata baiwa ce wadda ba ta mallaki komai ba sai tausayi da hankali.

An sa Alhassan makarantar allo a Bebeji. Ɗan abin da ya samu na gado bai kai shi ko'ina ba, saboda haka ɗan madugu ya wayi gari yana rayuwa irin ta kowane almajiri, ya yi karatu, ya yi bara, ya yi aikin ƙarfi ya samu ƴan wuri. Wanda bai taɓa jin daɗi ba, wahala takan zo masa da sauƙi a kan wanda ya buɗe ido cikin gidan wadata, domin shi ban da yunwa har da idon mutanen da suka san ubansa. Abin da Tata ta yi masa a wannan lokaci shi ne ta saya masa asusu na tukwane aka girke shi jikin bangon ɗaki, ta kuma hore shi da jefa wani abu a ciki duk lokacin da ya samu. Wannan shi ne bankinsa na farko.

Sinawa suna da karin maganar da ke nufin kwano ɗaya na abinci da aka sāka da zinariya dubu. Labarin wani saurayi ne mai suna Han Shin, mutumin garin Huwayin, wanda talauci ya kai shi ga zaman kamun kifi a bakin kogi ba ya samun na kai wa baki. Wata tsohuwa mai wanki ta lura da shi, ta riƙa raba abincinta da shi har tsawon kwanaki masu yawa. Da ya zama babban mutum ya sa aka nemo ta ya ba ta zinariya dubu. Tsohuwar bakin kogi da tsohuwa Tata ƴan uwan juna ne, kuma irinsu suna nan a kowace kasuwa tamu, mai fura ko mai tuwo da ke zuba wa yaro ta ce ya kawo kuɗi in ya samu.

Tafiya Akara

Da ya kai shekara 15, Alhassan ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba, ya sayi ƴan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Akara. Yaron da ya yi watanni yana tafiya a ƙasa zuwa wurin uwa mai dukiya, ba mamaki in ya zaci wahala ta ƙare. Sai dai kuma bayan ya huta kwana guda, mahaifiyar ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, ta ce ya zauna nan har ranar da zai koma gida. Haka ya ci gaba da karatu da bara a garin da uwarsa take cikin masu hali, ranakun Alhamis da Juma'a da babu karatu ya fita neman aikin kuɗi, mafi yawan abin da ya samo kuma ya miƙa wa malam.

Kowa zai iya fassara abin da wannan uwa ta yi yadda ya ga dama, wasu su ce horo ne, wasu su ce tsanani ne. Abin da ya tabbata shi ne yaron bai yanke zumunci ba, bai kuma zauna yana ƙorafi ba, ya buɗe ido ya kalli garin. A Akara ya ga teku da jiragen ruwa masu hayaƙi, ya ga kantunan Turawa da yadda suke awo da rubuta ciniki, ya ga yadda ake loda goro a jirgi. Wannan kallo ne ya zame masa jari bayan shekaru.

Yaƙin basasa da kuɗin fansa

Bayan ya dawo Bebeji ba da daɗewa ba, Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, ƴaƴan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai. Wannan shi ne yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu a 1894, ɗan'uwansa Aliyu Babba ya ja rundunar ya ci Kano a wannan shekara, Tukur kuma aka kashe shi a 1895.

Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren da aka ci da yaƙi, saboda haka aka ƙwace dukiyarsu aka kame mutanensu. Alhassan da ƴan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, aka kuma yanka musu kuɗin fansa, ko su biya ko a sayar da su bayi. Sai mai karatu ya auna, saurayi ɗan shekara 17, jikan madugai, a ce yau shi ne hajar da ake yi wa kuɗi. Sun biya fansar sun kuɓuta, amma sun fito babu komai.

A nan ne labarin Han Shin ya sake dacewa, domin Sinawa suna da wani karin maganar a kansa da ke nufin wulaƙancin ratsa tsakanin ƙafafu. Wata rana a tsakiyar kasuwa wani matashin mahauci ya tare shi gaban jama'a, ya ce in shi namiji ne ya zare takobin da yake rataye da shi ya soke shi, in kuwa ba zai iya ba to ya durƙusa ya ratsa tsakanin ƙafafunsa da rarrafe. Han Shin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya durƙusa ya ratsa, kasuwa ta kwashe da dariya. Da ya zare takobi da ya kashe mahauci guda, shi ma a kashe shi, labari ya ƙare a nan. Wannan mutumin ne daga baya ya zama babban kwamandan Liyu Bang, ya ci yaƙin da ya kafa daular Han a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da ya dawo garinsu yana sarki, ya nemo mahaucin ya ba shi muƙami cikin dakarunsa.

Shi ma Alhassan bai ɓata ƙuruciyarsa wajen neman ramuwa a kan waɗanda suka kama shi ba. Ya koma Bebeji ya jira ƙura ta lafa, ya sake ɗaukar kaya ƙarƙashin mulkin mutanen da suka sa masa kuɗin fansa.

Goro ta teku

Lokacin da ya sake kama fatauci, tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta fara mutuwa. Tun da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye, sannan a 1892 Salaga ta yi nata yaƙin basasar, fatake suka watse. A gida kuma Turawa suka fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon 1903 a kan hanyarsu ta cin Kano. Madugai da yawa sun ci gaba da bin hanyar da suka gada har jarinsu ya ƙare a kanta.

Ɗantata yana cikin na farko-farkon ƴan Arewa da suka juya ga teku. Ya riƙa sayen goro a Kumasi da Akara, a loda a jirgin ruwa daga Sekondi ko Akara zuwa Ikko, daga nan a hau da shi Arewa ta Ibadan. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Ibadan a 1901, ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, duk ya yi amfani da su. Duk mai sayar da goro ya san abin da wannan ke nufi. Goro ɗan lele ne, kullum sai an kwance huhu an tsince wanda ya ɓaci an yayyafa ruwa an sake ganye, kuma kowane kwana da ya ƙara a hanya asara ce. Wanda ya mayar da tafiyar watanni ta koma ta makonni, ya rage asara, ya kuma juya jarinsa sau da yawa a shekarar da abokinsa ke juya nasa sau ɗaya. Zuwa 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun wuya da tsakiya da yadin Turawa. Mahaifiyarsa ta rasu a Akara wajen 1908, daga nan ya tattara hankalinsa a kan Ikko da Kano.

Duk da haka a birnin Kano baƙo ne, ɗan ƙauye daga Bebeji wanda ba shi da gida, sai ya sauka wurin fatoma kamar kowane falke, ya biya la'ada. Sai daga baya ne ya samu fili a Sarari, gefen unguwar Koki, ya gina gidansa.

Zuwan jirgi da cinikin gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suka sa rai za a loda, domin masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, saboda kuɗinta ya fi, ba ta gajiyar da ƙasa, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cin ta, alhali ba a cin auduga. A Turai kuwa masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe. Sai dai kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro masu jari da yara a kowane gari, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo.

Ɗantata ya riga ya ga yadda dillalai suka yi arziki da sayen koko wa Turawa a ƙasar Gana, saboda haka bai yi jinkiri ba. Zuwa 1918 ya ƙulla da kamfanin Niger Company a matsayin mai saya masa gyaɗa, kuma zuwa 1922 ya wuce duk attajiran Kano. Tsarin aikin shi ne a ba yara kuɗi da kaya tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su ƙulla da manoma, in an cire gyaɗa a auno a kawo bakin jirgi a kan jakuna da raƙuma. Babu takarda tsakanin maigida da yaronsa in ban da amana, don haka wanda ya iya zaɓen mutane, ya kuma cika alkawari ga na sama da na ƙasa, shi ke ci.

Harkar ba kullum take daɗi ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ƙasarmu ake kira Kakalaba, ta zo daidai lokacin da cinikin ke tasowa, sannan daga 1929 farashin gyaɗa ya faɗi warwas a duniya, dillalai da yawa suka karye. A wannan shekara ta 1929 ce aka haɗe Niger Company da wani kamfanin aka kafa UAC, Ɗantata ya zama babban mai saya musu, kuma a cikinta ne ya buɗe ajiya a bankin Bank of British West Africa da ke Kano, wanda yau ake kira First Bank, da kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa. Shi ake danganta wa tsarin jera buhunan gyaɗa su tashi kamar dutse, wato dalar gyaɗa, inda dala guda kan ci buhu kusan 15,000. Dalilin dalar kuwa shi ne jirgi ba ya iya kwashe gyaɗar da sauri kamar yadda take shigowa, sai a jera ta a rufe ta jira layi.

Ruwan Tasawa da Mayahi a ciki

Wannan labari ba na Kano kaɗai ba ne. Barikin kwamandan Faransa na wannan yanki a Tasawa yake kafin a mayar da shi Maraɗi a 1927, kuma da noman gyaɗa ya bunƙasa a nan, gyaɗar Tasawa da Mayahi da Maraɗi da Magarya kudu take nufa, zuwa bakin jirgi a Kano, daga nan Ikko. Sai a farkon shekarun 1950 ne Faransawa suka fara karkata wani kaso ta Dahomey, wato Binin ta yau, zuwa tashar Kwatano. Ashe ke nan guminsu kakanninmu yana cikin buhunan da suka cika Kano. Haka kuma irin tsarin da ya ɗaga Ɗantata, na Bature ya ba maigida kuɗi, maigida ya ba yaransa, shi ne ya haifar da rukunin farko na Alhazan Maraɗi. Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin, kafin farin 1973 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 su durƙusar da shi a Nijar da Arewacin Najeriya baki ɗaya.

Iyakar da aka yi masa

Kada a zaci da dukiya ta zo haɗiye rai ya ƙare. Duk yawan kuɗinsa, Ɗantata yaron kamfani ne a idon tsarin mulkin mallaka. Bature ke yanka farashi, shi ke da jirgin ruwa, shi ke cin babbar riba a Turai. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da kansa kamar yadda UAC ke yi, ba a ba shi ba. Bai yi fushi ya watsar da harkar ba, ya ci gaba da aiki da su yana faɗaɗa nasa a gefe, har zuwa farkon shekarun 1950 da ya samu lasisin saye kai tsaye ga hukumar cinikin amfanin gona, yana da shekara fiye da 70.

Irin wannan dogon jira shi Sinawa ke nufi da karin maganarsu na kwanciya kan ƙirare da lasar maɗaciya. Sarkin ƙasar Yuwe ne mai suna Gojiyan, wanda Sarkin Wu ya ci da yaƙi a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kai shi fadarsa ya yi shekara uku yana bauta. Da aka sake shi ya koma gida, sai ya rataye maɗaciya a ɗakinsa yana lasa kullum don kada daɗin sarauta ya mantar da shi, ya yi shekara kusan 20 yana gyara noma da tara mutane kafin ya ci Wu a 473. Mashawarcinsa Fan Li, wanda ya sha bautar tare da shi, da aka yi nasara sai ya ajiye muƙami ya koma kasuwanci, ya yi arzikin da har yau ƴan kasuwar Sin ke ɗaukarsa uban gidansu. Han Shin kuwa da ya iya haƙurin talauci, bai tsira a zamanin ɗaukaka ba, domin an zarge shi da shirya tawaye aka kashe shi a 196. Haƙurin wadata ya fi na rashi wuya.

Ta wannan fuska Ɗantata ya fi kama da Fan Li. An san shi da tsimi da tanadi da bin lissafi har bayan ya yi dukiya, ya sauke farali tun cikin shekarun 1920, ya kuma sa ƴaƴansa cikin aiki tun suna ƙanana.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A 1955 rashin lafiya ta kama shi. Ya tara ƴaƴansa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su wargaza kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955 yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa na Sarari. Cikin ƴaƴansa akwai Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu. Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, shi ne mahaifin Hajiya Mariya, mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote. Alhaji Aminu kuwa ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Gaskiya ita ce wahala kaɗai ba ta taɓa azurta kowa ba. Dubban yara sun yi bara a zamanin Alhassan, ɗaruruwa an kama su a basasa, yawancinsu cikin talauci suka mutu, kuma babu uban da ya kamata ya jefa ɗansa cikin yunwa da sunan horo. Abin dubawa shi ne abin da ya yi a cikin wahalar.

Na farko, yana bara yana tanadi. Asusun Tata bai mutu ba, shi ne adashen da mata ke zubawa ranar kasuwa, shi ne kuma akwatin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Mai ƙuliƙuli ko mai tabarmar kaba ta Gulbin Kaba da ke ware dala biyar kullum, hanyar da ya bi take bi. Na biyu, duk inda wahala ta kai shi ya koyi wani abu, domin zaman dolen da ya yi a Akara shi ya nuna masa teku. Na uku, bai riƙe tsohuwar hanya don ta gado ce ba, daga jaki ya koma jirgin ruwa, daga goro ya koma gyaɗa. Na huɗu, bai sayar da gobensa don huce fushin yau ba, ko a gaban waɗanda suka kama shi, ko a gaban Baturen da ya hana shi lasisi.

Saboda haka ɗan'uwa ko ƴar'uwa da aka ci wa fuska a kasuwa, in hakkinka ne aka danne, akwai sarkin kasuwa da dattawa da hukuma, a bi ta nan a nema. In kuwa magana ce kawai da dariyar jama'a, to a tuna cewa mutanen kasuwar Huwayin da suka yi dariya babu wanda ya san sunan ko ɗayansu yau, haka nan waɗanda suka karɓi fansar yaran nan uku na Bebeji. Mahaƙurci mawadaci. Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan da tsohuwa Tata, mu kuma Ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mun sake saduwa.